Karen gadi a cikin gida: ina ake kai kashin, kuma wa zai kwashe?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Makon nan tambayoyi sun yi yawa a kan ajiye karen gadi, saboda halin da ake ciki na masu haura katanga. Kowa abin da yake tambaya shi ne wane iri ya fi faɗa, nawa ake sayar da kwikwiyo. Babu wanda ya tambayi aikin da ke biyo baya. Tunda muna da masana a nan, a baje mana. A fara da abin da kowa ke kau da kai a kansa, wato kashin.

Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam, Shugaba. Gara da ka fara da shi, don da yawa daga cututtukan da kare ke kawowa gida ta nan suke bi. Babban kare mai lafiya yana kashi sau ɗaya zuwa uku a rana, kwikwiyo ya fi haka. Ƙa'idar ita ce a kwashe kullum, safe da yamma, kuma dalilin ya wuce wari da ƙuda. Macijin cikin kare, macen guda ɗaya tana iya zubar da ƙwai har 200,000 a rana, duk suna fita cikin kashi. Ranar da suka fito ba sa iya kama kowa. Sai sun yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin su nuna. Ka ga wanda ke kwashewa kullum yana fitar da su tun suna ɗanye. Wanda ya bari kashin ya bushe ya marmashe a tsakar gida kuwa, ya shuka su ke nan, kuma suna iya yin shekaru a cikin ƙasa da ransu. Yaro mai rarrafe ya kai hannu baki, tsutsar ta ƙyanƙyashe a cikinsa ta yi ta yawo, wani lokaci ta sauka a hanta, wani lokaci a ido ta lalata gani.

Uwar Biyu: Likita, to ba sai a riƙa yayyafa Izal a wurin ba? Gidaje da yawa shi suke dogara da shi.

Likitan Dabbobi: Hajiya, Izal yana rufe wari, amma ba ya taɓa ƙwan macijin ciki, ba ya kashe ƙwayar farbo, wato cutar amai da zawon jini ta kwiyakwiyai, kuma idan kare ya taka ya lashe ƙafa yana ƙona masa baki. Kyanwa ma yana iya kashe ta. Shi kansa bilic ba ya kashe ƙwan, sai dai ya cire masa danƙon da yake manne wa ƙasa da shi, ruwa ya samu damar tafiya da shi. Abin da ke kashe ƙwan zafi ne: tafasasshen ruwa ko wuta. Shi ya sa shebur ya fi kowane magani da za ki saya.

Duba-gari: Bari in shigo da kayan aiki, don a nan ake fara kuskure. Kare yana da nasa shebur, nasa tsintsiya mai ƙarfi ko buroshi mai dogon hannu, nasa bokiti mai murfi. Kada su haɗu da na sharar ɗaki ko na kicin, a rataye su can kusa da kejinsa. Mai kwashewa ya sa takalmi rufaffe, ya sa safar hannu ta roba, in babu ya zura hannu cikin leda ya ɗauka ya juya ledar. Ya gama ya wanke hannu da sabulu, ba ɗauraya kawai ba. Kuma don Allah a daina ɗora wa ƙananan yara wannan aiki don ana ganin ƙasƙantacce ne. Su ne suka fi cin farce da sa hannu a baki. Aikin babba ne ko matashin da ya mallaki hankalinsa.

Inda za a kai shi, wuri uku ne kawai nake yarda da su. Masai, a zuba kashin tsurarsa ba tare da ledar ba, don leda ba ta ruɓewa, tana cika rami ta toshe bututu. Ko rami na musamman a bayan gida, zurfin kamar rabin mita zuwa sama, duk zubi a bi shi da toka da ƙasa, a rufe bakin da murfi. Ko a ɗaure cikin leda a sa a sharar da mota ke kwashewa. Lambatu kuwa haramiyarsa ce. Ruwan sama na farko zai kai shi ƙofar maƙwabci, daga nan ya gangara kududdufin da yara ke wanka.

Mai Lambu: Ni ina da ja a kan ramin nan. Taki ne fa. Kashin shanu da na kaji kuɗi muke sa wa mu saya, me ya sa na kare za a binne a banza?

Duba-gari: Malam, ba ɗaya ba ne. Kafin tulin taki ya kashe ƙwan tsutsa sai cikinsa ya yi zafi sosai, sama da digiri 60, na kwanaki, kuma ana juya shi don gefe ma ya shiga tsakiya. Tulin bayan gida ba ya kai haka. Latas, kabeji, karas da tumatir kuma ɗanye ake cin su. In ka matsa, sai dai gindin bishiyar inuwa, a binne. Sannan ramin ya yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30 kamar yadda ake yi wa masai, kuma kada ya kasance ta saman gangare inda ruwa zai bi ya sauka wajen rijiyar. Gidan da fili bai kai haka ba, a manta da rami, a yi amfani da masai.

Mai Lambu: Na karɓa, amma mita 30 a gidajen cikin gari ai sai an shiga gida na uku.

Duba-gari: Shi ya sa na ce masai.

Magini: Duk wannan kwashewar ba ta yiwuwa da kyau in ƙasan wurin rairayi ne. Fitsari yana nutsewa, kashi mai ruwa yana nutsewa, sai dai ka kankare sama-sama. A yi daɓen siminti, a ba shi gangare kamar santimita biyu a kowace mita, ya nufi ƙaramar magudana da ta shiga sokawe, ba titi ba. Kada a goge shi ya yi sulɓi kamar tayil, kare mai nauyi zai riƙa zamewa yana jin ciwo a ƙugu. A ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye ya yi ɗan kaushi. Kaushin ma kada ya yi yawa, datti zai maƙale. Kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa a cike ta a zagaye, sannan a yi wa bangon filasta har sama, a toshe duk wata tsaga. Wurin kwanciya a sa katako a ɗaga shi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, don kwana kan siminti yana sa gwiwar hannun kare ta yi kanta har ta fashe.

Rufi kuma, kwano tsurarsa a watan Afrilu tanda ce. A ɗaga shi sama, a sa zana ko katako a ƙarƙashi, a bar iska tana ratsawa ta gefe biyu. In akwai darbejiya a gidan, a gindinta za a yi.

Likitan Dabbobi: Maganar toshe tsaga da Magini ya yi, a riƙe ta da kyau, zan dawo kanta in mun zo kaska. Ga yadda ake wanke daɓen, don jerin yana da muhimmanci. A fitar da kare da kwanukansa. A kwashe kashi. A kora fitsari da ruwa zalla tukuna, saboda bilic in ya haɗu da fitsari yana tayar da iska mai yaji da ke cutar da huhu. A goge da omo da buroshi, a ɗauraye. Sai yanzu a zuba ruwan bilic, a bar shi jiƙe minti goma, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin kare ya dawo. Wanda ya zuba bilic kan datti ya yi asarar kuɗinsa, dattin yana cinye ƙarfinsa.

Awo: a duba jikin kwalba. In ƙarfinsa kashi 5 cikin ɗari ne, ɗaya cikin talatin, wato kamar mililita 330 a bokitin lita goma. In kashi 3.5 ne, a sa rabin lita, kwatankwacin ledar fiya wata guda. A haɗa sabo ranar da za a yi amfani da shi, don rana da zafi suna kashe shi. Omo da ruwa kullum, bilic sau ɗaya a mako ya isa in babu ciwo. Kada a taɓa gauraya shi da wani maganin wanke bayi.

Baba Mafarauci: Yara, duk na ji ku. Amma karnukan farauta da na ruga wa ke bin su da shebur? Kare dabba ce mai tsafta, ba ya kashi inda yake kwana in yana da zaɓi. Ku kuke ɗaure shi da sarƙa taku biyu dare da rana, dole ya ɓata makwancinsa. A sake shi da daddare ya fita ya yi abinsa a waje ya dawo, magana ta ƙare.

Duba-gari: Ranka ya daɗe Baba, rabin maganarka gaskiya ce. Sarƙar dare da rana tana ɓata kare, tana cin wuyansa, tana sa shi cizon duk wanda ya matso, har yaran gidan. Amma daji daban, unguwa daban. Wajen da kake cewa, ƙofar gidan wani ce, ko filin da almajirai ke zama, ko rairayin da aka sauke don gini yara na wasa a kai. A jiƙaƙƙen rairayi irin wannan ne tsutsar kare mai ƙugiya ke ƙyanƙyashewa, ta huda tafin ƙafar yaro, ka ga wani jan layi yana tafiya a ƙarƙashin fata kamar an zana maciji, ga ƙaiƙayi ba barci. Sannan karen da ke yawon dare shi ke cin mushe a juji, shi ke faɗa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba. Kuma in yana can yana yawo, wa ke gadin gidan?

Baba Mafarauci: To wannan ta ƙarshen ka kama ni. Amma dai a sake shi cikin gida in an rufe ƙofa. Kuma a koya masa wuri ɗaya, ba wuya. Kwikwiyo yana neman kashi da ya tashi barci, da kuma jim kaɗan bayan ya ci abinci. Ka ga ya fara shinshina ƙasa yana zagaye, ɗauke shi ka kai shi kusurwar da ka zaɓa. Ya yi, ka shafa kansa ka ba shi ɗan abin taɓawa nan take. Kwanakin farko ka bar ɗan kaɗan a wurin don ƙamshin ya jawo shi. Masu dangwara hancinsa cikin kashi suna dukansa, abin da suke koya masa shi ne ya ɓuya bayan randa ya yi inda ba a gani.

Mahauci: Ina da abin da ba a taɓo ba, kuma ya shafi sana'armu. In an feɗe tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi, wani lokaci za ka ga ƙullutu mai ruwa a huhu ko hanta, kamar ƙwai a cikin nama. Al'ada ita ce a yanke wurin a jefa wa kare. Lokacin layya abin ya fi yawa, don kowa mahaucin kansa ne. Likita, faɗa musu abin da ke biyo baya.

Likitan Dabbobi: Allah ya saka, Sarkin Fawa. Ƙullutun nan cike yake da kawunan wata ƙaramar tsila. Kare ya ci, cikin kamar mako shida ta girma a hanjinsa. Tsawonta bai wuce milimita shida ba, ba za ka gan ta a kashi ba, shi ma karen lafiyarsa ƙalau. Bambancinta da macijin ciki shi ne ƙwanta yana kama mutum tun ranar da ya fito, kuma yana manne wa gashin kare. Mutum ya haɗiye, irin wannan ƙullutu ya tsiro masa a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma shiru, ƙarshe sai tiyata. Duk kayan cikin da aka ga haka a binne su da zurfi ko a ƙone. Na lafiya ma a dafa kafin a ba kare.

Maganin tsutsa: kwikwiyo yawanci da macijin ciki ake haifarsa, tun a mahaifa yake ɗauka. Ana ba shi magani a mako 2, 4, 6 da 8, tare da uwar, sannan duk wata har ya kai wata shida, daga nan duk wata uku. A tabbata maganin babban kare yana ɗauke da firazikwantel, shi ke kashe tsila, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinsa. Saboda haka sai an auna karen, ba a kintata ba: mutum ya hau sikeli da shi a hannu, ya sauke shi ya sake hawa, a cire. Kwana biyu zuwa uku bayan magani a tsare shi wuri ɗaya, a kwashe komai da ya fitar a binne.

Kuma ku riƙa duba kashin kafin ku zubar, shi ne katin asibitin kare. Fari mai marmashewa kamar alli, ƙashi ya yi yawa a abincinsa. Baƙi mai danƙo kamar kwalta, jini ne daga sama, sau da yawa tsutsa mai ƙugiya. Abu kamar ƙwayar shinkafa yana motsi, tsilar da ƙuma ke kawowa ce, sai an kashe ƙumar ma. Kwikwiyo mai amai da zawo mai jini mai mugun ƙarni, ya ƙi abinci, wannan farbo ne har sai an tabbatar ba shi ba, a kai shi asibitin dabbobi ranar, don rashin ruwa ke kashe su. Ƙwayar tana yin watanni a ƙasa, kada a kawo sabon kwikwiyo marar rigakafi gidan da aka yi ta.

Uwar Biyu: Abincin fa? Yawancin gidaje ragowar tuwo da miya ne.

Likitan Dabbobi: Tuwon ba laifi, miyar ce matsala. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jinin kare in suka taru. Goro, cakulan da inabi ma ba nasa ba ne. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. A dafa masa nasa: shinkafa ko masara da nama, kifi ko ƙwai, ba yaji. Masu cika masa ciki da dusa su sani kashin zai ninka, su ne da shebur. Kwikwiyo sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, babba sau biyu. Lokaci tsayayye, don mai cin abinci kan lokaci kan lokaci yake kashi. Abin da bai cinye ba cikin minti ashirin a ɗauke. Ruwa kamar mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo, wato kare mai kilo 25 lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, a bazara ya wuce haka nesa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki. Kuma kada a ba shi maganin ciwon jikinmu, musamman ibufurofen da dikilofenak, suna huda masa ciki su kashe ƙoda.

Sai kaska. Irin wadda ke kama kare a gida, cin jini kawai take hawa yi, sauran rayuwarta a tsagar bango da ƙarƙashin rufi take, macen ta zuba dubban ƙwai a can. Ka wanke kare ka bar bango, mako biyu ta dawo. A yi wa kare da ɗakinsa magani rana ɗaya. Maganin kaska amitiraz a bi awon da ke jikin kwalba, kada a yi wa kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba. Sniper da fiya-fiya ba na jikin dabba ba ne, suna ratsa fata, kare ya kama dalala da karkarwa ya mutu. Baƙin mai da ake shafa wa mai ƙazuwa shi ma guba ne. Duk yamma a laluba kunne, wuya da tsakanin yatsu. An samu, a kama ta dab da fata a ja miƙe, a jefa cikin kananzir. In dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi ja, ciwon kaska ya shiga jini.

Baba Mafarauci: Ka manta ƙudan damina mai sa tsutsa a fata. A ƙasar da ta jiƙa da fitsari cikin inuwa yake ƙwai, kwiyakwiyai su kwanta a kai, ka ga jikinsu ya yi ƙuraje kowanne da ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin, ta rasa iska ta leƙo, a matse a hankali ta fito ɗungurungum. Tsumman da kare ke kwana a kai kada a shanya shi a ƙasa.

Malamin Zaure: Taƙaitaccen bayani don masu tambaya ta gefe. Hadisi ya yi izinin ajiye kare don farauta, kiwo da gona, malamai da yawa sun haɗa gadin gida in akwai buƙata. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwaryar ruwa ana wanke ta sau bakwai. Kashinsa da fitsarinsa kuwa najasa ne, don haka kusurwarsa ta yi nisa da wurin alwala da igiyar shanya. Wanda ya tsare dabba, cinta da shanta suna wuyansa.

Nas: Kada a tashi ba a yi maganar cizo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara da ciwon haukan kare, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma kamar kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana babu magani. An yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, a duba agogo, a sa aidin, a tafi asibiti ranar. Kada a ɗaure, kada a cusa garin magani. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta ranar farko, rana ta 3, ta 7, wani tsarin da ƙari daga baya, a cika su duka. Karen kuma kada a kashe shi cikin fushi, a kulle shi kwana goma ana kallo, amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura.

Likitan Dabbobi: Shi kuma karen, allurar haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin ta, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi gangamin rigakafi a wurare da dama. Ta farbo da sauransu ana farawa a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu har mako goma sha shida. Allurar da ta kwana cikin zafi ba ƙanƙara ruwa ce kawai, ka tabbata ka ga an ciro ta daga sanyi da idonka. A karɓi kati mai kwanan wata da sa hannu a adana, ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabci shi za a fara tambaya.

Uwar Biyu: Tambaya ta ƙarshe Likita, gidan da karen ya riga ya shekara yana yi a kan rairayi fa, kuma ba halin siminti yanzu?

Likitan Dabbobi: A kankare saman ƙasar kamar santimita 15 a fitar a binne, a kwarara tafasasshen ruwa a wurin, a zuba sabon tsakuwa maimakon rairayi, a sare reshen da ya hana rana sauka. A kewaye kusurwar da waya yadda mai rarrafe ba zai kai ba. Karen a ba shi maganin tsutsa kwana uku kafin a yi aikin, ba bayansa ba, don kada ya zuba sabon ƙwai kan sabuwar ƙasa.